Tsoka, jini da bambancin namiji da mace a dabbobi: tambayoyi da amsoshi

Da zarar an gama hawan sallah, ko an shiga makon gasar ƙwallon dawaki, wato folo, a filin Murtala da ke Kaduna, wayata ba ta hutawa. Doki ya ƙage, fitsarinsa ya yi ja, an ɗebi jini an kai gwaji, takarda ta dawo da lambobi, mai doki ya rasa gane kanta. Ga kuma ɗaliban likitancin dabbobi da ke zuwa koyon aiki daga Samaru: sun karanta cewa tsokar mace ta fi ta namiji juriya, sun shigo barga sun tarar goɗiya ce ta kasa ɗaga ƙafa. Tambayoyin ɓangarorin biyu na haɗa a nan.

Likita, me ake nufi idan aka ce tsoka ta yi yoyo?

Tsoka ba dunƙule ɗaya ba ce. In ka yagi dafaffen naman sa za ka ga yana rabuwa sili-sili. Kowane sili tarin wasu zaruruwa ne da ido ba ya rarrabewa, kowane zare kuma yana naɗe cikin wani siririn tantani. A cikin tantanin akwai sinadaran da ake kira enzayim, masu hanzarta ayyukan jiki. Wanda aka fi sani shi ne kiriyatin kaines, likitoci na taƙaita shi CK, aikinsa sabunta wa tsoka makamashi nan take duk lokacin da ta yunƙura. Akwai wasu enzayim biyu, AST da LDH, sai mayogulobin, wanda shi ba enzayim ba ne: shi ne ke riƙe oksijin a tsoka, shi ke ba nama jan launinsa.

Duk waɗannan mazauninsu cikin zaren tsoka ne, kaɗan ake samu a jinin lafiyayyar dabba. Idan aiki ya yi tsanani tantanin ya raunana, sai su tsiyayo waje. CK babba ne, ba ya faɗawa jijiyar jini kai tsaye, sai ya bi ta hanyoyin ruwan jiki masu ratsa kaluluwa, shi ya sa yakan ɗan jima kafin ya bayyana a gwaji. An fi dogara da shi saboda kusan dukkansa daga tsoka yake fitowa, sai ɗan abin da ke zuciya da ƙwaƙwalwa. AST kuwa hanta ma tana da shi, don haka ba ya isa shaida shi kaɗai.

Wane irin aiki ne ya fi yi wa tsoka illa?

Birki ya fi gudu ɓarna. Tsoka ta fi wahala lokacin da take ƙoƙarin tsukewa alhali nauyi yana jan ta tana miƙewa. Haka ke faruwa a gangara. Haka ke faruwa idan mahayi ya taho a sukwane wajen jahi ya ja linzami gaban sarki, doki ya zauna kan ƙafafun baya ƙura ta tashi. Dokin folo kuwa sana'arsa ke nan: ruga, tsaya, juya, sake rugawa. Shi ya sa masu bincike kan karkata injin gudun ɓeraye ya zama gangara idan suna son tsoka ta ji jiki.

Tsamin jikin da ke biyo baya yakan kai ƙarshensa kwana 1 zuwa 3 bayan aikin. Maganar da ake yawan yi a wuraren motsa jiki cewa asid ɗin laktik ne ya taru ba ta da tushe, domin shi cikin kamar awa guda jiki ya kwashe shi. Ƙananan yage-yage ne da kumburin da ke bin su.

Daga ina aka samo cewa tsokar mace ta fi juriya?

Daga ɓerayen gwaji, musamman aikin wasu masu bincike biyu, Amelink da Bär, a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, daga 1986 zuwa farkon shekarun 1990. Sun sa ɓeraye maza da mata gudu mai tsawo a kan inji, suka auna jini kafin da bayan gudun. CK na maza ya yi tsalle, na mata da ƙyar ya motsa.

Da nan suka tsaya da sai a ce ai maza sun fi girma da yawan tsoka. Ba su tsaya ba. Suka cire wa mata gidan ƙwai, inda estirojin ke fitowa, wato homon ko sinadarin saƙon jiki da aka fi sani da na mace, sai ga matan suna yoyon CK irin na maza. Suka juya gwajin, suka ba maza estiradayol, wato mafi ƙarfin nau'in estirojin, yoyon ya ragu ƙwarai. Wannan rahoton ya fito a 1988. A 1990 kuma suka ciro tsokar ƙwauri daga jikin ɓera gaba ɗaya, suka tsoma ta cikin ruwan gwaji, suka riƙa motsa ta da lantarki. A nan babu hanta, babu ƙoda, babu zuciya, babu halin dabba. Duk da haka tsokar namiji ta fi zubar da CK, tsokar namijin da aka yi wa estiradayol tun yana raye kuma ta rage. Daga baya suka gwada ƙarancin bitamin E a abinci, ya fi yi wa maza illa.

A ganina wannan jerin gwaji abin koyi ne. Kowane mataki yana toshe ƙofar da mai gardama zai bi. Matsalar ba ta aikin ba ce, ta masu ɗaukar sa ce su yafa wa kowace dabba.

Ta wace hanya estirojin ke kare tsoka?

Ana ambatar hanyoyi uku, kuma ba sa cin karo da juna. Ta farko, sifarsa tana da wani zobe irin wanda bitamin E ke da shi, wanda ke iya kashe kaifin gurɓatattun sinadaran oksijin da aiki mai tsanani ke haifarwa, masu cin kitsen tantani kamar yadda tsatsa ke cin langa-langa. Ta biyu, dangin kolestarol ne, yana iya kutsawa cikin tantanin ya ƙara masa ƙwari. Tantani mai ƙwari ba ya barin kalsiyam ya kwararo ciki, kalsiyam kuwa idan ya yi yawa a zaren tsoka yana tayar da wasu enzayim masu narkar da tsokar da kanta. Ta uku ita ce ta masu karɓar saƙon estirojin da ke cikin tsokar, waɗanda ke sauya irin furotin ɗin da take ƙerawa.

Peter Tiidus da ɗalibansa a Jami'ar Wilfrid Laurier ta Kanada sun ƙara wani abu. Sun nuna cewa estirojin yana rage yawan fararen ƙwayoyin jini da ke tururuwa cikin tsokar ɓera bayan gudu, sannan yana ƙara yawan ƙwayoyin gyara da ke kwance a gefen zaren tsoka suna jiran ranar faci. Rage fararen ƙwayoyin nan ba alheri ne zalla ba. Suna ƙara ɓarna a awannin farko, amma su ne masu share matattun sassa kafin a yi sabon gini.

Ke nan tsokar macen ɓera ba ta lalacewa?

A nan ne ɗalibai ke zamewa, kuma a nan nake so mai doki ma ya nutsu. Yoyo daban, lalacewa daban.

Ka ɗauka an sauke buhunan gero biyu a tsakar gida, da safe ka ga gero a ƙasa gindin ɗaya ya fi na ɗayan. Kana iya cewa hujinsa ya fi girma, kuma mai yiwuwa ka yi daidai. Amma kuma yana iya zama ya fi cika ne. Ko kuwa kaji sun fi zuwa gindin ɗayan sun tsince abin da ya zube. CK ɗin da ke cikin jini shi ne geron ƙasa: ya danganta da abin da ya fita, da yawan tsokar da ya fito daga cikinta, da saurin da jiki ke kwashe shi. Ba buhun ka duba ba.

A 1991 van der Meulen da Kuipers da Drukker, su ma a Holan, a garin Maastricht, sun duba buhun. Ɓeraye maza da mata suka yi gudun awa 1 da rabi ko awa 2 da rabi a kan inji mai hawa. Enzayim ɗin maza ya fi tashi, kamar yadda aka zata. Bayan kwana 3 aka yanki tsokoki aka duba a madubin ɗakin gwaji, aka auna wurin da ya lalace. Ba a ga bambanci tsakanin maza da mata ba. Sun kuma gano cewa saurin kwashe enzayim daga jini ya bambanta tsakanin jinsin biyu, kuma ɓarnar da ido ya gani ba ta kai wadda lissafin jini ya nuna ba. Wato zaren tsoka na iya yin yoyo ya liƙe kansa ba tare da ya mutu ba.

Sai dai ba a rufe littafi a nan ba. A 1999 Komulainen da abokan aikinsa a Finlan suka sa ɓeraye gudun gangara, suka bi tsokar a lokuta daban-daban. Su sun ga ɓarna ta fi saurin bayyana a maza, ta kuma fi yawa. Hawa da gangara ba ɗaya ba ne, duba tsoka bayan awanni da duba ta bayan kwana 3 ba ɗaya ba ne. Abin da ya tsaya daram a ɓera shi ne bambancin yoyo. Bambancin ainihin ɓarna kuwa yana bin irin gudun da aka yi, da tsokar da aka duba, da ranar da aka duba ta.

To goɗiya ta fi ingarma tsira daga ƙagewa ke nan?

A'a. A dawakin tsere ma akasin haka ake gani.

Akwai wata goɗiya da aka kira ni kanta wata safiya a lokacin hunturu, a wata barga ta bayan gari. Ƴar shekara uku, mai zafin kai, irin wadda ganin sirdi kawai ke sa ta fara zufa. Ta wuni biyu ba ta fita ba saboda mahayinta ya yi tafiya, amma ba a rage mata hatsi ba. An fita da ita kilisa, tana son ta saki jiki yaro yana danne ta da linzami. Ko minti ashirin ba a yi ba takunta ya gajarce, ta tsaya cak. Na same ta jiƙe sharkaf duk da sanyin da ake yi, numfashi sama-sama, cinyoyinta da ƙugu tauri kamar katako, in ka danna ta yi nishi. Ɗan bargar ya ce mini, "Likita, wallahi ko dukanta ban yi ba." Na ce na sani. Da ta yi fitsari sai ga shi kamar shayin da ba madara. Mai ita ya iso yana tambaya, "Likita, ba ku ne kuka ce mata sun fi juriya ba?" Na ce, "Alhaji, ɓeraye aka ce."

Wannan ciwo na ƙagewar tsoka mai dawowa an fi nazarinsa a dawakin tsere na Ingila, irin da ake kira Thoroughbred, inda yake taɓa kamar 5 cikin 100. Waɗanda ya fi kamawa su ne ƙananan goɗiyoyi ƴan shekara 2 zuwa 3, masu firgita da rawar jiki, waɗanda ake ɗura wa hatsi, musamman ranar da ta biyo bayan hutu, kuma a lokacin atisayen da ake danne su, ba ranar tseren da ake sake musu linzami ba. Stephanie Valberg, wadda ta yi shekaru tana wannan bincike a Jami'ar Minnesota ta Amurka, ta danganta shi da tangarɗa a yadda zaren tsoka ke sarrafa kalsiyam a cikinsa. Idan matsalar daga ciki take, tantani mai ƙwari ba zai hana ta ba.

Abin lura a nan Kaduna: mu al'adarmu ingarma ake hawa. Dawakin hawan sallah da na angwanci kusan duk maza ne, goɗiya tana ƙauye tana haihuwa. Saboda haka ɗan bargar cikin gari zai rantse maka ciwon na maza ne. Je ka wajen ƴan folo, ko a filin Murtala ko a Fifth Chukker da ke Kangimi, inda dawakin da ake shigowa da su daga Ajantina akasarinsu mata ne, su kuma su ce maka na mata ne. Kowa abin da ke turkensa yake ƙirgawa.

Na ji ana cewa ciwon safiyar Litinin. Shi ne wannan?

Ɗan'uwansa ne. Sunan ya samo asali ne daga Turai, zamanin da dawaki ke jan amalanke da garma. Su huta ranar Lahadi ana ba su cikakken hatsi, Litinin da safe a ɗaura musu kaya su ƙage. A 2008 ƙungiyar Valberg ta gano wani canji a ƙwayar gado mai suna GYS1, wanda ke sa tsoka ta tara sukari fiye da kima, kuma ya yawaita a manyan dawakin jan kaya da dawakin makiyayan Amurka. Wannan ƙwayar gadon ba ta kan abin da ke raba namiji da mace, don haka ba ruwanta da jinsi.

Namu safiyar Litinin ɗin ita ce safiyar sallah. Doki ya yi wata guda a turke ana ba shi gero da dusa don ya yi ƙiba ya yi sheƙi, ba kilisa, ranar hawa a ɗora masa kayan ado masu nauyi da ƙaton mahayi, a wuni a rana, a rufe da sukuwa. Ko ba shi da wani ciwon gado, ka nema masa.

An ba ni takardar gwaji, CK ya yi sama, AST ma haka. Yaya zan fahimce ta?

Tambayar farko ita ce awa nawa tsakanin aikin da ɗibar jinin. A doki CK yana kai ƙololuwa awa 4 zuwa 6 bayan abin ya faru, kuma yana saurin sauka: in ɓarnar ta tsaya, cikin ƴan kwanaki ya dawo daidai. AST yana tafiyar hawainiya, sai bayan kamar kwana guda yake kai ƙarshe, ya kuma ɗauki mako 2 zuwa 3 kafin ya sauka. In ka ga CK sama AST ƙasa, abin sabo ne. In AST ne sama CK ya sauka, an kwana biyu, ko kuma a duba hanta. In duka biyun sun ƙi sauka mako bayan mako, dokin yana ta maimaita ciwon ne a ɓoye.

Lafiyayyen doki CK ɗinsa ƴan ɗaruruwa ne a lita, kowane ɗakin gwaji da iyakar da yake bugawa a gefen takarda. Ƙagewa ta gaske tana kai shi dubbai, wani lokaci dubun dubata. Ɗan tashi kaɗan bayan wasa mai zafi ko doguwar tafiya a mota ba abin tayar da hankali ba ne. Allurar da aka yi a tsoka ma tana ɗaga shi, haka kokawar kayar da dabba, haka daɗewa a kwance. Ka gaya wa likita duk allurar da aka riga aka yi, ko da kana jin kunyar wanda ya yi ta.

Kafin likita ya iso, me zan yi?

Ka sauka, ka cire sirdi, ka bar shi inda ya tsaya. Kada a ja shi wai ya warware, kowane taku ƙarin ɓarna ne. In da rana a yi masa inuwa, in hunturu ne a rufa masa bargo a ƙugu. A ba shi ruwa, a ɗauke hatsi, a bar masa ciyawa. A lura da launin fitsari.

Abin da ke kashe doki a nan ƙoda ce. Mayogulobin ɗin da ya zubo yana toshe ta yana ƙona ta, musamman in jiki ba ruwa. Magungunan kashe zafi da ake saye a kasuwa a danna wa doki su ma ƙoda suke taɓawa idan dabba ta bushe. Shi ya sa muke fara ƙarin ruwa kafin su. Bayan ya warke, a rage hatsi, a cike gurbin da harawa da ciyawa mai kyau da abinci mai maiƙo kamar dusar shinkafa, a kuma tabbata yana fita kullum ko na ɗan lokaci ne.

Abu biyu da ke ɓata tsoka ba tare da wani gudu ba, na kan tambaye su duk inda na je. Ɗaya abincin kaji: wasu ana sa musu maganin monensin, wanda guba ne ga doki, yana cin tsokar jiki da ta zuciya. Ɗayan rai-ɗore, wanda ke cika bakin hanya da damina. Ƴaƴansa in sun shiga hatsi ko ciyawa da yawa suna lalata tsokar shanu da dawaki.

In estirojin yana karewa, me zai hana a yi wa ingarma allurarsa kafin wasa?

Kada ka soma. Abin da aka gani a ɓera aka gan shi, a doki kuwa goɗiyar da ake zaton ta fi kariya ita ce ta fi ƙagewa. Za ka taɓa masa haihuwa da hali a banza.

Shanu da ragunan da ake kawowa a mota fa?

Duk wanda ya je Zangon Tudun Wada ana saura kwana uku layya ya ga yadda ake sauke su: wasu na tangaɗi, wasu sai an ɗaga su. Tsayuwar awanni a mota aiki ne. Kowane birki, kowane rami, dabba na tokarewa da ƙafafu, irin aikin birkin nan da muka ce ya fi cin tsoka. CK na tashi bayan jigila a shanu da awaki da tumaki. Masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello, har da na kwalejinta ta aikin gona da kiwo da ke Mando, sun yi aiki sosai kan wahalar da awaki ke sha a doguwar tafiyar mota lokacin zafi, da yadda bitamin C ke rage ta.

A shanu bambancin jinsi a fili yake, amma hanyarsa daban. Haɗa bijimai baƙin juna wuri ɗaya ka ga: karo, hawan juna, ture-ture har gari ya waye. Sukarin da ke ajiye a tsoka ya ƙare, CK ya tashi. In aka yanka irin wannan sa, namansa kan fito baƙi-baƙi, da tauri, busasshe a ido, kuma ba ya jimawa yake lalacewa. Mahauta sun san shi ko ba su san dalilinsa ba. An fi samunsa a bijimai fiye da dandaƙaƙƙun shanu. A nan homon ɗin namiji ta ɗabi'a ya biyo, ya sa dabbar ta wahalar da kanta. Maganinsa ba ya buƙatar kuɗi: kada a cakuɗa garke da garke, a bar dabba ta huta ta sha ruwa kafin wuƙa.

Ina kiwon kajin nama. Wani lokaci in an fede sai a ga tsokar ƙirji ta ciki ta yi kore. Yana da alaƙa?

Yana da ita. Ƙaramar tsokar da ke manne da ƙashin ƙirji ita ke ɗaga fiffike, kuma tana cikin wani kube da ba ya buɗewa. Kazar da aka ƙera don ƙiba, in ta firgita ta yi ta fuffuka, tsokar ta kumbura cikin kuben ta matse jijiyoyinta, jini ya yanke, ta mutu. Bayan kwanaki ta koma kore. Ba cuta ba ce mai yaɗuwa. Ana yanke wurin a yar. Rage hayaniya da kamun kaji barkatai shi ne rigakafi. Akwai kuma ƙirjin da ke yin tauri kamar itace, wanda aka fi gani a zakaru, su ne kuma suka fi saurin girma da nauyin ƙirji.

Mu mutane fa?

CK na maza ya fi na mata ko ana zaune ba a yi komai ba, wannan sananne ne. Amma da aka sa maza da mata aikin birki daidai ƙarfin kowa, bambancin bai fito tsaf kamar na ɓera ba. Priscilla Clarkson da Monica Hubal sun tattara binciken da aka yi a farkon shekarun 2000, suka nuna cewa raguwar ƙarfi da tsamin jiki kusan ɗaya ne. A mutum ma CK kan jira kwana 4 zuwa 5 kafin ya kai ƙololuwa bayan irin wannan aiki, saɓanin ɓera da nasa ke tashi ana sauka daga inji.

Wani abu da ya shafe mu kai tsaye: baƙar fata CK ɗinsu a zaune ya fi na Turawa, musamman maza. Matashin da ke ɗaga ƙarfe a Kawo ko Unguwar Rimi zai iya ganin lambarsa ta haura iyakar da aka buga a takarda alhali lafiyarsa ƙalau. Fitsari mai launin shayi bayan atisaye kuwa, ko mace ko namiji, asibiti ne a ranar.

Malam, ina son in yi aikin kammala digiri a kan wannan. Ta ina zan fara?

Da dabbar da ke gabanka. An auna ɓeran Holan ya isa, jakunan da ke dakon yashi da shanun huɗa da dawakinmu na gida su ne ke jiran mai aunawa. Ka sa maza da mata duka. Shekaru da dama masu bincike na ɗaukar maza kaɗai don gudun rikicin zagayowar homon, har sai da hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta wajabta daga 2016 cewa mai neman kuɗinta ya yi la'akari da jinsi.

Ka rubuta shekarun kowace dabba da nauyinta, ko tana da ciki, ko tana shayarwa, ko an dandaƙe shi, da abin da ta ci, da kwana nawa ta yi ba aiki. Ka ɗebi jini kafin aiki, domin dabba da dabba suna bambanta sosai ko jinsinsu ɗaya, kowace da kanta za ka gwada ta. Bayan aiki kada ka ɗiba sau ɗaya ka tafi: awa 4 zuwa 6, sannan awa 24, sannan awa 48. Ka haɗa da abin da ba jini ba, kamar tsawon taku da taurin tsoka da lokacin da dabbar ta koma cin abinci, don kada ka ƙare da ƙirga geron ƙasa.

Sai batun da ke kashe irin wannan aiki a garin nan, wato zafi da wuta. Jinin da ya wuni a aljihun ɗan acaɓa jajayen ƙwayoyinsa sun fashe, LDH da AST ɗin cikinsu sun gauraye da na tsoka, CK kuma yana raguwa in ya daɗe a zafi. Ka tanadi kula da ƙanƙara tun daren jiya, ka raba ruwan jinin da wuri, ka kuma tambayi mai ɗakin gwajin ko firizarsa na kan sola kafin ka bar masa samfur ko ɗaya.